Warin Ɗan Kunnen Malama

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, wai na bar Baba Direba a tsaye cikin rana, ku yi haƙuri, cajin wayata ne ya ƙare a tsakiyar rubutu. Ke kuma da kika ce in Baba bai samu komai a filin nan ba kin daina karantawa, ki gyara zama.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda muke. Baba Direba ya daɗe da ajiye tuƙin babbar mota. Wata takwas ke nan da rasuwar matarsa, wadda kowa ke kira Malama, shi ma haka yake kiranta. Tun daga nan ya daina fita. 'Yarsa Auta, mai aikin jinya, ita ta kawo masa na'urar gano ƙarfe a ƙasa don ya samu abin da zai riƙa fitar da shi daga ɗaki. Abokinsa Mai Agogo, wanda ya daɗe yana wannan yawon tono don nishaɗi, shi ke koya masa. Yau sati uku da farawarsa.

*

Babu komai a filin yanzu sai ciyawa da ɓaraguzan bulo. Gidajen hayar da suke jere a wurin an rushe su tun bara. Mai filin ya ce ranar Litinin za a fara haƙa harsashin gini, su yi ta tononsu kafin nan, amma duk ramin da suka buɗe su mayar masa da ƙasarsa.

Baba Direba ya saƙala na'urar a hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Nan ne ƙofar ɗakinmu," ya ce.

Mai Agogo ya ajiye jakarsa a kan wani guntun bulo. "Jiya ka ce can ne, kusa da bishiya."

"Jiya da bishiya na auna, ashe daga baya aka shuka ta. Yau da famfo na auna." Ya nuna wani guntun bututu da ya leƙo daga ƙasa, tsatsa ta cinye bakinsa. "Taku goma sha ɗaya ne daga famfo zuwa ƙofa. Na ɗebo mata ruwa a nan ya fi a ƙirga."

"Kai, direban babbar mota guda, kake ɗebo wa mace ruwa?"

"In maƙwabta ba sa kallo."

Mai Agogo ya yi dariya har da tari.

"To kunna. Kuma don Allah ka rage gudu, ba kan titi kake ba, babu mai wuce ka. Ka sauke faifan ƙasa-ƙasa yana shafar kan ciyawa. Dama, hagu. Kamar mai sharar ɗakin da ake barci a ciki."

Baba ya sa abin saurare a kunne, ya fara tafiya.

Sati ukun nan sun koya wa kunnensa abubuwa. Ƙusa gurnani take yi ƙasa-ƙasa. Marfin kwalba maƙaryaci ne, sai ya yi ƙara mai daɗi ya sa ka durƙusa a banza. Tsoffin sulalla kuwa muryarsu a tsaye take, ko ta wane gefe ka bi ta kansu. A gida ya cika gwangwanin madara biyu da ƙusoshi, da makullai uku da babu ƙofarsu, da rabin cokali. Auta tana kiransu dukiyar Baba.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, sai ya toshe kunne da abin nan, hayaniyar titi ta ɗauke, sannan yake iya tuna muryar Malama sosai. A gida fuskarta kawai yake gani. A nan kuwa har yadda take jan sunansa in tana so ya sauko mata da wani abu daga saman kwaba yake ji.

Na'urar ta yi gurnani mai nauyi. Ya durƙusa da ƙyar, ya zaro cokalin magina daga ƙugu. Ƙasar ta yi tauri, saiwoyin ciyawa sun sarƙe ta. Sai da gumi ya jiƙa masa wuyan riga kafin ya ɓamɓaro abin.

Ya kankare shi da babban yatsa, ya ƙura masa ido.

"Mene ne?"

"Sakatar ƙofarmu. Ni na ɗaura ta, a karkace. Ba ta shiga sai an ɗaga ƙofar da ƙafa. Shekara tara tana ce min in gyara."

"Ka gyara?"

"Muka tashi daga gidan ban gyara ba."

Ya sa sakatar a aljihu, bai jefa ta cikin jakar tarkace ba.

Mai Agogo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Direba, kwana huɗu ke nan muna zuwa filin nan. Na ce mu je bayan tsohuwar tasha inda ake samun sulalla, ka ƙi. Ni dai na san mai yawon nishaɗi, na kuma san mai neman abu. Me ka jefar a nan?"

Baba ya zare abin sauraren, ya rataya a wuya.

"Ƙanwata," ya ce.

Mai Agogo ya matso kusa da shi.

"Ƙarama muke ce mata. Tana da shekara shida iyayenmu suka rasu, ni na riƙe ta. Da na yi aure ma da ita muka tare a nan. Malama tana da wasu 'yan kunne na zinare, na mahaifiyarta ne, su kaɗai ta gada. Ran nan ta cire ta ajiye a bakin taga ta shiga wanka. Ta fito, ɗaya babu."

"Ƙarama ce a ɗakin?"

"Ita ke shara. Shekararta sha bakwai lokacin. Malama ba ta ce ita ba ce, kuka kawai take yi. Ni ne na dawo daga tafiyar kwana shida, ban ko cire takalmi ba, na fito tsakar gida, a nan, gaban famfon nan, mata suna wanki." Ya kalli bututun. "Na kira ta ɓarauniya."

"Ta ce me?"

"Ta ce, 'Yaya, ni?' Shi ke nan abin da ta ce. Washegari ta ɗaure kayanta ta tafi wurin kawunmu. A can aka yi mata aure, ban je ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ranar da Malama ta rasu an ce ta zo, ta zauna cikin mata, ta tafi ba mu haɗu ba."

"Shi ne kake tunanin ko cikin shara ya bi, ya faɗa tsakar gida."

"Auta ce ta ce min, tunda na iya na'urar, me zai hana in gwada tsohon gidanmu kafin a zuba masa siminti."

"In ka same shi fa?"

"Na san na zalunci yarinyar nan."

"In ba ka same shi ba?"

Baba ya mayar da abin sauraren kunnensa. "Ban san wanne nake roƙon Allah ba, Mai Agogo."

Ya cike ramin sakatar, ya danna ƙasar da ƙafa. Ya koma jikin bututun famfo, ya sake farawa daga nan. Taku ɗaya. Biyu. Dama, hagu.

A taku na huɗu ya ji wata ƙara da bai taɓa ji ba. Siririya, mai laushi, a tsaye. Ya juya ya bi ta kanta daga ɗaya gefen. Ba ta canza ba.

Ya durƙusa. Bai ko gama soka cokalin ba ƙasar ta buɗe. Ya sa yatsa biyu ya tona.

Ga shi nan. Ɗan ƙarami, mai siffar ganye, da ɗigo uku a gefe.

Baba ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe hannu a kansa, ya kai hannun ƙirji. Bai yi kuka ba. Leɓɓansa ne kawai suke motsi.

Can Mai Agogo ya tsuguna kusa da shi. "Mu gani."

Ya zaro ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ya juya ɗan kunnen gaba, ya juya shi baya. Murmushin da ke fuskarsa ya tafi a hankali. Ya kalli ramin, ya sa hannu ya damƙi ƙasar, ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Mene ne?" Baba ya tambaya.

"Ba komai."

"Shekara ashirin muna tare. Mene ne?"

Mai Agogo ya miƙa masa gilashin. "Ƙyallin nan ba abin mamaki ba ne, zinare ba ya tsatsa. Amma duba maƙalin baya."

Baba ya kanne ido ɗaya ya duba. A jikin maƙalin akwai wani ɗan silin auduga da ya naɗe. Fari tas.

"Sakatar ɗazu da me ka ciro ta?"

"Sai da na yi gumi."

"Wannan fa?"

Baba ya kalli yatsunsa biyu.

"Dubi saiwar ciyawar," in ji Mai Agogo a hankali. "Yanka ta aka yi, da abu mai kaifi. Auduga kuma ko damina ɗaya ba ta yi a ƙasa. Wannan abin bai kwana biyu a nan ba, Direba. Wa ya san kana zuwa filin nan?"

"Kai. Da mai fili."

"Sai wa?"

Baba ya tura ƙasar cikin ramin da tafin hannu, ya daddanna, ya miƙe. Na'urar ma sai Mai Agogo ne ya ɗauko masa.

*

Ƙarfe uku da rabi Auta ta dawo daga asibiti. Ta yi sallama a falo ba a amsa ba. Ta ga ƙofar ɗakin Mama a buɗe, ɗakin da Baba bai taɓa shiga ba tun ranar da aka fita da ita.

Yana zaune a bakin gado da kayan da ya je fili da su, ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Ya shimfiɗa farin hankici a kan zanin gado. 'Yan kunne biyu a kai, gefe da gefe. Ɗayan ya ciro shi ne daga aljihun madubi, inda ya shekara ashirin da bakwai shi kaɗai.

Auta ta dafa ƙofa. "Baba, ka same shi?"

"Na same shi."

"Alhamdu lillahi. Ka ga, da ma na ce maka…"

"Shigo ki zauna."

Ta zauna a kan kujerar da Mama take duba littattafan 'yan makaranta, jakarta a cinya.

"Jiya da kika tashi daga aiki, ina kika biya?"

"Wurin wata ƙawata."

"Takalminki na aiki yana bayan ƙofar kicin. Jar ƙasa ce a jikinsa. Daga nan har asibitinku kwalta ce."

"Baba, ai ko'ina akwai…"

"Auta." Bai ɗaga murya ba. "Ke kika kawo min na'urar nan. Kika haɗa ni da wanda zai koya min. Sati uku ina durƙuso ina tono, yau na san yadda ƙasa take riƙe tsohon abu. Ke ba ki sani ba, shi ya sa kika bar audugar a jiki."

Ta sunkuyar da kai. Hannunta ya fara wasa da zif ɗin jakar.

"Da me kika haƙa?"

"Da almakashin aiki."

"Daga ina kika samo shi?"

Baba ya ƙura mata ido.

"Gwaggonki ce ta ba ki? Ita ta ɗauka, yanzu take so a wanke ta?"

Auta ta ɗago da sauri. "A'a. Wallahi Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar komai ba. Kar ka sake faɗa, Baba, don Allah."

"To wa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta kalli akwatin littattafan da ke ƙarƙashin tebur.

"Mama."

Baba ya bi inda take kallo da ido, ya dawo da shi kanta.

"Saura kwana uku ta rasu, a asibiti, ranar da ka je sayo mata ruwan roba, ta ce in matso. Ta ce in na zo gida in duba ƙasan akwatin can, akwai gwangwanin man shafawa. Na zo na buɗe, na same shi a naɗe cikin auduga."

"A ina ta same shi?"

"A cikin kalmasar labulen taga. Ta ce ɗinkin ƙasan ya ɗan farke, ya faɗa ciki. Ranar da ta kwance labulen za ta wanke ta ji abu ya soke ta a hannu."

"Yaushe?"

"Baba…"

"Yaushe?"

"Sati biyar da tafiyar Gwaggo."

Ya maimaita a hankali, kamar yana karanta lambar mota daga nesa. "Sati biyar."

Fanka tana juyawa a sama. A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa.

"Ba a ko haife ki ba," ya ce. "A gadon nan muka kwana shekara da shekaru. Na kai ta makaranta, na ɗauko ta. Ciwonta na ƙarshe ni nake juya ta. Duk wannan, abin nan yana ƙarƙashin tebur, taku biyu daga kaina."

"Ta ce in ba ka, in ce ka yafe mata."

"Me ya hana ki ba ni?"

"Na zo da shi sau uku." Ta share fuska da bayan hannu. "Duk zuwan da na yi sai in same ka a falo riƙe da tabaraunta. Ba ka ci, ba ka fita. Ita kaɗai ta rage maka, Baba, ko da ba ta nan. Na ce in na gaya maka, na ƙwace maka ita gaba ɗaya. Sai na yi tunanin in a ƙasa ka same shi, Gwaggo ta fita, Mama ma ta fita. Babu mai laifi sai tsintsiya."

"Sai ni."

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun farko don wannan kika kawo na'urar?"

"Da farko don ka fita ne. Da na ga kana dawowa da fara'a, kana nuna min ƙusoshi, sai tunanin ya zo min. Kwana uku ina jira ka matso wurin famfo, kana can wajen bishiya. Jiya ka ce min da famfo za ka auna, shi ne na je na binne shi. Litinin kuma za su zuba siminti."

Baba ya ɗauki ɗan kunnen da ya tono, ya ɗora a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Duk shekara sai ta ce min, 'Ka je ka ga Ƙarama.' In ce sai ta zo ta ba ki haƙuri tukuna. Sai ta yi shiru, ta tashi ta shiga kicin." Ya ɗaga kai ya kalli ɗakin. "Kalma ɗaya ce, Malama. Da kin faɗa min kalma ɗaya."

Da ɗakin yake magana, ba da Auta ba. Ta bar shi har ya numfasa.

"Ina so in yi fushi da ita," ya ce, "amma so nake ta shigo ta ƙofar nan in yi fushin a gabanta. Ta ce min wani abu. Ko ƙarya ce."

Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabansa. "Ka yafe min, Baba."

"Tashi. Kin san inda Gwaggonki take?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji uku a sakandare. Tana da shagon ɗinki a bayan babbar kasuwa. Mama takan aike ni da yadi."

"Da yadi."

"Duk kayan Mama ita take ɗinkawa." Ta kalli kafaɗarsa. "Har naka. Rigar da ke jikinka ma ɗinkinta ce."

Baba ya sunkuya ya kalli rigar. Ya kama bakin hannun, ya juya shi, ya bi layin zaren da yatsa. Shekaru yana yabon telan Malama, yana cewa mutumin nan ya san kafaɗarsa kamar ya taɓa auna shi.

Ya naɗe ɗan kunnen a hankici, ya miƙe.

"Ɗauko makullin mota."

"Ba za ka canza kaya ba?"

"A'a."

*

Shi ya tuƙa. Mutumin da ya shekara talatin da biyar a kan manyan hanyoyi, yau sau biyu mota tana mace masa a mahaɗar titi. Auta ba ta ce komai ba sai "dama" da "hagu".

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai sayar da zare da mai gyaran fanka. Kekunan ɗinki biyu, ɗaya a rufe da zani. Riguna a rataye jikin igiya. Ƙyallaye a ƙasa.

Wata mata tana kan keke, tabarau a kan hanci, tef ɗin awo a wuya. Furfura ta leƙo ta gaban ɗankwalinta. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Yarinya 'yar sha bakwai ya zo nema, sai ga fuskar mahaifiyarsu.

Auta ta tsaya a jikin mota.

Ya yi sallama. Matar ta amsa ba ta ɗago ba, ƙafarta tana kan feda.

"In ɗinki ne sai wani satin, Malam, aiki ya yi min yawa."

"Ƙarama."

Keken ya tsaya.

Ta ɗago a hankali. Ta dube shi ta saman tabarau, daga fuska zuwa rigar, zuwa ƙasar da ke gwiwoyinsa. Ta zare allurar da ke bakinta ta soke a jikin yadi.

"Yaya," ta ce. "Ka rame. Wuyan rigar ya yi maka yawa."

Duk maganar da ya shirya a mota ta gudu. Ya zaro hankicin, ya buɗe, ya miƙa mata tafin hannu.

"An same shi. Ba ke ba ce. Ban san da wane baki zan…"

Ta kalli ɗan kunnen. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kai hannu ba.

"A kalmasar labule," ta ce.

Baba ya ɗago ya dube ta. "Kin sani?"

"Ranar da ta same shi ta zo har gidan Kawu, da cikin Auta a jikinta. Ta durƙusa min a tsakar gida tana kuka. Ta ce daga nan wurinka za ta, ko da sakinta za ka yi."

"To me ya hana ta?"

"Ni."

Ya dafa ƙyauren shagon.

"Na sa ta yi min alkawari ba za ta gaya maka ba muddin tana raye. Ta yi ta roƙona, shekara da shekaru, duk yadin da ta aiko sai da saƙo a ciki. Ban sake ta ba. Kar ka ga laifinta, Yaya. Matarka ta riƙe alkawari."

"Don me, Ƙarama? Shekara ashirin da bakwai. Don me?"

Ta cire tabaraun ta ajiye a kan keke. Idanunta sun kaɗa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kai ka goya ni. Kai ka koya min ɗaura takalmi. Na so ka zo da kanka, hannunka babu komai, ka ce, 'Na san ƙanwata, ba za ta ɗauka ba.' Duk motar da ta tsaya a ƙofar shagon nan sai na ɗaga kai."

Ta sake kallon tafin hannunsa.

"Ga shi ka zo. Da shaida a hannu."

Ta ture kujerarta baya, ta miƙe, ta tako har bakin ƙofa inda yake tsaye. Ta kama ɗaya ƙyauren. Baba bai san ko rufewa za ta yi ko ƙara buɗewa ba.